Duwatsun Birike a Tukunyar Ƙarfe

Shekarar da na dawo Diffa, Inna ta ce na zama kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. In na zauna a kantin Baba sai in tashi in tsaya a bakin ƙofa. In na tsaya sai in koma ciki in sake jera gwangwanayen man inji da na riga na jera da safe. Ko abinci a tsaye nake ci, ita kuwa tana bi na da ido.

Mu mutanen Damagaram ne. Baba ya zo Diffa yana saurayi, ya buɗe kanti kusa da kasuwa, yana sayar da tiyo da man inji da kayan gyaran injin ban ruwa ga manoman tattasai na bakin Komadugu. A nan aka haife ni, a nan na yi lakol, har na samu tallafin karatu zuwa Aljeriya. Ilimin ƙarfe na karanta, da na gama kuma aka ɗauke ni a wata babbar masana'anta da ke bakin teku.

Aikina a can shi ne tsabtace ƙarfe tun yana ruwa. Wanda ya ga narkakken ƙarfe a tukunyar da ta fi ɗakin Inna girma, yana haske har ido ba ya iya kallo, zai rantse babu datti a cikinsa. Amma akwai. Akwai farar wuta, akwai iskar oksijin da ta narke a ciki. In ƙarfen ya huce aka murje shi, farar wutar nan sai ta miƙe a cikinsa kamar zare, kuma daga bakin zaren nan ne tsaga take somawa ranar da aka ɗora wa ƙarfen nauyi. Maganin da muke yi shi ne mu tura wata doguwar waya cikin tukunyar, an cika cikinta da garin wasu ma'adanai da Faransawa ke kira ƙasa mai wuyar samu, ko da yake ba ƙasa ba ce. Biyu daga cikinsu na fi sani, seriyom da lantan. Kwaɗayin farar wuta gare su. Suna shiga sai su riga ƙarfen kama ta, wani kason ya taso sama da datti a yaɗe shi, wanda ya saura kuma ya dunƙule ya zama ƴan ƙwayoyi kamar gero, waɗanda ba sa yaga komai. Nakan yanko ɗan guntu in goge shi in sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in ga zaren ya ɓace. Ina son aikin nan ƙwarai.

Sai aka kira ni a waya aka ce Baba ya faɗi a kanti, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. Ni kaɗai ne namiji, ƴan'uwana mata kuma kowace tana gidanta, ɗaya a Maine Soroa, ɗaya a Damagaram. Na ɗauki hutun ƴan makonni. Makonnin suka yi ta miƙewa.

Garin da na tarar ba shi ne na bari ba. An hana hawan babur, sojoji sun tare hanyoyi, unguwannin bukkoki sun tsiro a bayan gari cike da mutanen da suka tsallako daga Najeriya. Kayan gyaran da dā ke zuwa daga Maiduguri cikin sauƙi yanzu sai sun yi dogon zagaye, wani lokaci ma ba sa zuwa. Rabin kantocin Baba babu komai a kansu. Aikina ya zama faɗa wa mutane "babu".

Wata safiya wani dattijo Babarbare ya shigo, tsohon abokin Baba, mai gonar tattasai a bakin kogi. Ya ce "Wushe," na amsa, ya tambayi jikin Alhaji, sannan ya kwance wani tsumma a kan tebur. Farfelar injin ban ruwa ce, wato ƙarfen nan mai fukafukai da ke juyawa a ciki yana tura ruwa. Ta rabe gida-gida.

"Ɗana, akwai irinta?"

"Babu, Baba."

"Yaushe za ta zo?"

"Allah ne masani."

Ya kalli gutsattsarin. Tattasansa ya fara fure, in ji shi, kuma a wannan lokaci in ƙasa ta bushe furen zubewa yake yi. Ni kuma hannuna ya riga ya kai kan ƙarfen. Na juya shi a haske. Wannan ba aikin masana'anta ba ne, ga shatar yashi a jikinsa, ga ƴan ramuka a bakin karayar. Wani ne ya zuba shi da hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Wani maƙeri ne ɗan Damasak, yana bayan gari. Yana ƙoƙari, amma tasa ba ta daɗewa. Wannan ce ta biyu."

Ban san akwai mai narka baƙin ƙarfe a Diffa ba. Na rufe kanti na bi dattijon.

Maƙerin mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, furfura ta cinye gemunsa. Da aka kori garinsu ya tsallako kogi da iyalinsa, ya ɗauko injin hura wuta a kai, ya bar sauran komai. Tukwanen sanholo yake zubawa mata suna saye, da su yake ci. Amma a gefe ya gina wani murhu da tsohuwar duro, ya shafe cikinta da yumɓu da yashin kogi, yana ɗiga mata baƙin man da aka juye daga motoci, injin hurawa yana zuga ta da ƙaramin gurup mai ba da wutar lantarki. Da wannan yake narka fasassun kawunan inji da gangunan birki. Na zagaya murhun nan ina leƙe-leƙe, har na manta ban gaishe shi yadda ya kamata ba.

Ya ga gutsattsarin a hannuna, fuskarsa ta ɗaure.

"In ƙorafi aka kawo, na faɗa masa tun farko ban ba shi garanti ba."

"Ba ƙorafi ba ne, Kawu. So nake in ga yadda kake yi."

Dattijon ya faɗa masa ni ɗan Alhaji mai kanti ne, na yi aikin ƙarfe a ƙasar Larabawa. Maƙerin ya dube ni daga hula har takalmi.

"To, Injiniya, me ke karya ta?"

Na ce ina zargin farar wuta. Tun da na shigo nake jin warinta a hayaƙin murhun.

"Farar wuta ta maganin ƙazuwa? Ni ban zuba ba."

"Ba kai ka zuba ba. Tana cikin baƙin man da kake ƙonawa, tana cikin tsofaffin ƙarafan ma."

"Yaya ake fitar da ita?"

Na ba shi labarin wayar nan da garin da ke cikinta. Ya saurara sosai, har ya ajiye awartakin da ke hannunsa. Da na gama sai ya ce, "Madalla. A wane layi ake sayar da ita a kasuwar Diffa?" Shi da dattijon suka yi dariya. Ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba.

Daga ranar abin ya ƙi barina. Ina auna wa mutum tiyo ina tunanin murhun. Ina cikin sallah sai in tsinci kaina ina lissafin zafin wuta, in yi istigfari in sake niyya. Na san ciwon, na san maganin, maganin kuma yana bayan hamada.

Rashin zaman nan ne ya kai ni saman kanta wata rana da hantsi, ina sauke kwalayen da ba a taɓa ba shekara da shekaru. A cikin wani na tarar da ƴan ƙananan kwalabe cike da duwatsun birike, ƴan mitsi-mitsin nan masu kamar ƙwayar shinkafa da ake sa wa birike, abin kunna wuta na aljihu, don ya ba da tartsatsi. Baba ya saro su tun zamanin da ake ɗura wa birike mai ana canja masa dutse. Da na zubarwa suka cika kasuwa, babu wanda ya sake tambayarsu. Na zazzage kaɗan a tafin hannuna, ina shirin mayarwa, sai na tuna wani malaminmu a shekarar farko. Ya taɓa ƙyasta birike a gaban aji ya ce mu dubi tartsatsin da kyau, domin dutsen nan ba dutse ba ne, seriyom ne da lantan aka haɗa da ɗan ƙarfe.

Na ɗauki magagari na goga guda ɗaya. Tartsatsi ya watsu har kan buhun da ke ƙasa. Na sauko daga kan kujera, na zuba kwalaben a aljihu, na ja ƙofar kanti. Maƙwabcina mai sayar da atamfa ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya, ban tsaya ba.

Maƙerin ya juya dutsen a yatsunsa, ya ɗan cije shi.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne, Kawu. Ba tsantsarsa ba ne, amma shi ne."

"Ƙarfena ba asiye ba ne, mai lanƙwasuwar nan irin naku. Na zubi ne."

"Na sani. A na zubi ma yana aiki, an daɗe da sanin haka. Sai dai ban taɓa yi da hannuna ba."

Ya ce gaskiyar da na faɗa ta ƙarshe ce ta sa zai yarda.

Gwajin farko wauta ce tawa. Da ƙarfen ya narke maƙerin ya ciro tukunyar, sai na watsa duwatsun a kai kamar mai barbaɗa gishiri. Suka kama da wata farar wuta mai kashe ido, suka ƙone a sama, ko ɗaya bai shiga ba. Gashin hannuna ya babbake har gwiwa, gira ɗaya ta tafi. Da na koma gida Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Karatun ke nan?" Ta shafa mini man shanu tana faɗa.

A na biyu muka yi dabara. Maƙerin ya yanko gwangwanin tumatir, muka naɗe duwatsun a ciki, ya ɗaure ƙunshin a bakin dogon rodi, na dulmiya shi har gindin tukunyar. Ƙarfen ya tafasa yana tofi, rodin yana karkarwa a hannuna. Muka zuba a mazubin yashi muka jira ya huce, ina ta zagaye rumfar har ya ce in zauna ina sa shi jiri. Da aka fasa yashin farfelar ta fito sumul, kyakkyawa. Ya ɗora mata magagari don ya gyara bakinta, magagarin ya zame kamar a kan kwalba. Ya sake gwadawa, ya zame. Ya ɗaga ta daidai ƙugunsa ya saki a kan uwar maƙera. Ta tarwatse, cikinta fari fat yana ƙyalli.

Na gane abin da ya faru. Na zuba da yawa. Seriyom in ya wuce kima yakan sa ƙarfen zubi ya yi taurin da babu juriya a cikinsa. Amma nawa ne kima? Ban san yawan farar wutar da ke cikin tukunyar ba, kuma kowane narki daban yake da ɗan'uwansa, tunda yau kan injin kamiyo ne, babbar motar kaya, gobe gangar birki. A masana'anta na'ura ce ke faɗa mini kafin in gama shan shayi. A nan babu abin da nake da shi sai ido da hanci.

Na fara yi masa wannan bayani, ya ɗaga hannu.

"Injiniya, tsaya. Kai in ka koma gida akwai tuwo. Ni da tukwane nake ciyar da mutanen da ke cikin bukkar can. Yau ban zuba ko ɗaya ba, man gurup ya ƙare, mata sun zo sun koma. Ka je ka yi tunaninka a kanti."

Ban ji daɗi ba, amma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Na tafi.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi kowanne tsawo. Dattijo mai tattasai yana aron injin maƙwabcinsa in an gama da shi, abin da ba ya isar rabin gonar. Yakan biyo ta kanti ya zauna a benci, ba ya tambayata komai, ni kuma ba na iya haɗa ido da shi. Na fahimci cewa duwatsun ba za su iya aikin su kaɗai ba. Ko a masana'anta ba da su ake farawa ba, sai an rage yawan farar wutar da wani abu mai araha, sannan a kawo su su share saura. A tsofaffin littattafai na karanta cewa masu zubin ƙarfe na dā suna yin haka da wani farin gishiri da ake kira sud. To ina zan samu sud a Diffa?

Kowace rana bayan la'asar nakan zauna a tsakar gida in murza wa Baba hannunsa da ya mutu, kamar yadda aka koya mini a lopital. Maganarsa ba ta fita sosai a lokacin, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Na saba yi masa hira don kada shirun ya yi yawa, ran nan kuma abin da ke cina na zazzage masa, ban ma sa ran yana bi ba. Da na ambaci sud sai ya motsa hannunsa mai lafiya, alamar tambaya.

"Wani gishiri ne, Baba. Fari, mai ɗaci-ɗaci. Da irinsa ake yin sabulu, da gilashi."

Ya dube ni. Leɓensa ya yi ta motsi.

"Kan... wa."

"Na'am?"

"Kanwa."

Na saki hannunsa. Na san sunan abin da harshen Faransa, na san yadda ake rubuta shi da haruffan kimiyya, amma ban taɓa haɗa shi da abin da Inna ke jefawa a miyar kuka ba. Baba kuwa kafin ya buɗe kanti fataucin kanwa ya yi, daga tafkunan wajen Fulatari zuwa Damagaram. Da ƙyar, da nuni da rabin kalmomi, ya fahimtar da ni in nemi fara, kada in sayi ja, ta fi ƙasa yawa. Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun kafin in tafi karatu.

Kanwa tana riƙe ruwa, ruwa kuwa in ya haɗu da narkakken ƙarfe fashewa yake yi. Saboda haka sai da aka daka ta aka soya. Inna ce ta soya a wani tsohon kasko, tana juyawa tana cewa ita dai tun da take ba ta taɓa yi wa ƙarfe girki ba.

Na koma wurin maƙerin da garin kanwa a leda da jarkar mai a hannu. Na ajiye jarkar kusa da gurup. Ya gama zuba tukwanen da ke gabansa tukuna, ina tsugune ina jira, sannan ya zo ya buɗe ledar ya ɗanɗana.

"Yanzu kuma miya za mu yi?"

Na yi masa bayani. Ya ce shi ma bai zauna haka ba, ya yi ta tunanin farin cikin nan na farfelar da ta fashe. Ya lura ko ba a zuba komai ba, bakin fukafukan inda suka fi siriri yakan yi fari, saboda yashin yana da sanyi, ƙarfen yana daskarewa da gaggawa. Yana ganin a gasa mazubin ya yi zafi kafin a zuba, a kuma ƙara wa fukafukan kauri kaɗan. Na ce haka ne. Na roƙe shi kuma a rage baƙin mai a ƙara gawayi, ko da wutar za ta daɗe ba ta kai ba. Ya yi tsaki don gawayi yana da tsada a garin, amma ya yarda.

Da safe muka kunna wuta. Ta daɗe ƙwarai, rana ta take, gumi yana shiga mana ido. Da ƙarfen ya zama ruwa na zuba kanwar da dogon ludayi. Wani hayaƙi rawaya ya tashi mai shaƙe maƙogwaro, datti baƙi mai kauri ya taru a sama, maƙerin ya yaɗe shi da sauri ya yar a ƙasa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika rumfar, ban taɓa murna da wari irin na ranar ba. Sannan na dulmiya ƙunshin duwatsun, ƴan kaɗan wannan karon, abin da bai kai cikin cokalin shayi ba. Muka zuba farfela biyu da wani ɗan sanda na gwaji. Kanwar ta ci bangon tukunyar narkin, ta yi masa zaizaya, maƙerin ya duba ya girgiza kai ya ce wannan ma wani aiki ne na ja masa.

Sandan muka fara fasowa. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera, rabi a waje, ya ɗauki masaba. Bugun farko bai karye ba. Na biyu ya ɗan lanƙwasa. Ƙarfen zubi irin nasa bai taɓa lanƙwasawa ba, karyewa kawai ya sani. Sai a bugu na gaba ya rabu, cikinsa toka-toka mai laushin ƙwaya. Maƙerin ya kai guntun kusa da idonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini masabar ya ce in buga ɗaya rabin da kaina.

Farfela ɗaya ta fito da rami a gefe, ba ta da amfani. Ɗayar ta yi. Magagari ya kama ta yana ci.

Washegari muka tafi gona a amalanken shanu, ni da dattijon. A shingen sojoji wani matashin soja ya kwance tsumman ya juya farfelar yana tambaya mene ne. Dattijon ya yi masa bayani da Barbarci, ni na yi da Faransanci, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya mayar mana. Tun dawowata ban je bakin Komadugu ba. Ruwan ya ja baya, ya bar laka mai tsagewa, ƙetaren kuwa kusa yake har ana hango wata mata tana wanki. Gonakin tattasai sun bi gaɓar, wasu kore shar, wasu an bar su ciyawa ta cinye saboda masu su sun gudu. Na dattijon ganyensa ya lanƙwashe, furen da ya zube ya yi fari a ƙasa.

Na ɗaura farfelar, dattijon ya cika injin da ruwa, ya ja igiya. Injin ya yi tari ya tashi, amma yana girgiza kamar zai tsalle daga mazauninsa. Gefe ɗaya ya fi nauyi. Na kashe, na kwance, na ɗora ta a kan ƙusa ina juyawa don in ga inda take rinjaya, na yi ta gogewa da magagari. Muka mayar, muka sake kwancewa. Ana cikin haka aka ji wata ƙara can nesa a ƙetare, ko tayar mota ce ko wani abu, duk manoman da ke kusa suka ɗaga kai suka tsaya cak. Matar mai wanki ta tattara kayanta. Bayan ɗan lokaci kowa ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa, ni ma na ci gaba.

A karo na gaba injin ya zauna lafiya. Tiyon ya kumbura, ya yi amai da laka, sannan ruwa ya biyo. Dattijon ya suri fartanya ya ruga yana buɗe bakin kwalbatocin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, rigarsa a ɗaure a ƙugu, yana gudu kamar ba mai jikoki ba. Na tsaya da hannuna a kan injin ina sauraren kukansa, ina jiran in ji ƙarar karyewa. Ban ji ba. Kafin la'asar muka kama hanya, don ba a son yamma ta yi wa mutum a bakin kogi.

Farfelar nan ta kai ƙarshen kaka. Labari ya bazu, manoma suka riƙa zuwa, muka zuba wasu da dama. Wasu sun daɗe, wasu sun karye cikin ɗan lokaci, kuma ban taɓa iya faɗa tun farko wace ce za ta yi wanne ba. Wannan ya fi komai damuna. Maƙerin yakan ce ai an samu ci gaba, da dā duk karyewa suke. Ni kuwa kowace aka dawo da ita sai in yi ta juya bakin karayar a rana, ina neman abin da ido ba ya iya gani. A cikin watannin ne aka kira ni daga masana'anta aka ce ba za su iya ci gaba da riƙe mini gurbina ba. Na ce na gode. Wani yana jiran in auna masa tiyo, na auna masa.

Duwatsun suka ƙare. Na tambaya a Damagaram, na sa aka duba a Maraɗi, aka samo ƴan kaɗan, su ma suka ƙare. Muka gwada ciro na cikin matattun birike da ake zubarwa, amma duk sun cinye, ba su kai a wahala ba. Muka koma kanwa kaɗai, wadda ta fi babu.

Da mutanen Damasak suka fara komawa, maƙerin ya ce shi ma zai bi. Na ce ya ƙara jira, ba a tabbatar da lafiyar hanya ba. Ya ce ya gaji da zama a inda ko itacen da ya dasa ba nasa ba ne. Na raka shi har inda motocin ke lodi. Ya bar mini murhun, don ba ya ɗaukuwa, ya ce in na samu wanda zai riƙe wuta in ba shi. Muka yi musabaha ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in gaida Alhaji, in gaida mai soya kanwa.

Baba ya samu sauƙi sannu a hankali, har ya fara takawa da sanda zuwa kanti. Ƙanwata ta Maine Soroa ta dawo Diffa da mijinta, shi kuma yana da hannun ciniki fiye da ni nesa ba kusa ba. Wata rana muna zaune mu biyu a kanti, na tashi zuwa ƙofa ba tare da dalili ba, Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Tafi," ya ce. Maganarsa ta fara fita a lokacin. "Ka nemi aikinka. Kana tsorata mini masu saye."

An daɗe ana neman masu duba waldar bututun mai a arewacin Ngigmi. Ba narkakken ƙarfe ba ne, amma ƙarfe ne. Na nema, aka ɗauke ni.

Ranar tafiya ina cikin mota a tasha, an gama lodi, sai ga dattijo mai tattasai a amalanke da buhun busasshen tattasai. Na ce, "Baba, inda za ni babu mai yi mini girki." Ya ce ba ruwansa, ya sa aka cusa buhun a ƙarƙashin kujerata. Ba mu fita gari ba aka fara atishawa. Wata Bafulatana da ke bayana ta rufe fuska da mayafi tana tambayar wane mara imani ne ya shigo da wannan, direba ya rantse zai tsaya ya jefar da shi. Na yi shiru kamar ba nawa ba, idanuna suna zubar da ruwa, ƙafata a kan buhun, har muka wuce shingen sojoji na ƙarshe muka hau hanyar arewa.